Me ya sa mutanen labarina duk bakinsu ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a nan Damagaram, shekara 2 ke nan ina rubuta labarai a waya. Na fara guda 5, ban ƙarasa ko ɗaya ba. Ƙawata kuma ta ce mutanen ciki duk bakinsu ɗaya, kamar ba ƴan garinmu ba. Ga shafuka na haɗo. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴata. Ƙawar nan taki ta yi miki gata, ki riƙe ta hannu biyu.

Na karanta shafukan. Kin ce yarinyar labarin ƴar unguwar Birni ce, amma da ta shiga kasuwa naira ta biya. Nan na gane inda gizo ke saƙa: kunnenki ya cika da littattafan Kano, har ya daina jin maƙwabta. Duk mun sha daga wannan rijiya, ba abin kunya ba ne. Sai dai mai karatu yana gane bakin aro tun daga shafin farko.

Ke kin san a garin nan ba a cewa faran 100, dala ashirin ake cewa, 1000 kuma jika ce. Yaro lakwal (makaranta) yake zuwa da kaye (littafin rubutu) da bik (biro), yana tsoron mushe (malamin makaranta). Mai sauri kabu-kabu yake tarewa. Samari suna fada, wato majalisar hira, shayi na kan gawayi har dare ya raba. To me ya hana waɗannan shiga rubutunki? Kuma ko cikin Damagaram ɗin baki ba ɗaya ba ne. Tsohuwar da ta girma a gindin fadar Sarki, wadda ke ba da labarin ganuwar Sarki Tanimun kamar jiya aka gina ta, magana take ja a hankali, da karin magana da kewaye. Matashin unguwar Zango mai dillancin babur kuwa gajere yake yanka ta, yana cusa Faransanci. Ran Alhamis ki ɗauki ƙaramin kaye ki shiga kasuwar Dole, ki tsaya inda ake ciniki, ki rubuta jimla 5 yadda suka fito daga baki, kada ki gyara ko harafi. Za ki ji Hausar Babarbare da ta Buzu da ta Bafulatana mai nono. Ki rubuta su da mutunci, ba don a yi musu dariya ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne mutanenki ba sa neman komai, hira kawai suke. Ki ɗauki mace ta tashi ƙarfe 3 na dare a tsakiyar bazara tana gadin famfo, jarka ɗaya ta rage a gidan, kishiya na da jariri, ita kuma gobe ɗanta zai rubuta jarrabawa. Wa zai yi amfani da ruwan? Da zarar kowace tana son abu kuma ɗayar ta tare hanya, bakinsu zai rabu da kansa.

Batun rashin ƙarasawa kuma, yawanci farawa ake yi ba a san inda za a sauka ba. Ki rubuta ƙarshen labarin a layi 3 kafin komai. Ki tsayar da lokaci, ni bayan asuba ya fi mini, kalma 300 kullum. Cikin kwana 5 kin sami gajeren labari mai kalma 1500. Kada ki koma gyara sai kin kai ƙarshe, kada kuma ki tura wa kowa rabi. In kin gama ki ajiye mako guda, sannan ki karanta a bayyane. Inda harshenki ya sarƙe, nan gyara yake. Ki riƙa kwafe aikin a takarda, ni na taɓa rasa babi 7 ranar da wayata ta mutu, har yau ina jin zafinsu.

Cikin biyar ɗin, ki ɗauki na yarinyar Birnin nan. Ki maida mata kuɗinta dala, ki ba ta abin da take nema, ki turo mini bayan mako 2.