Sai na yi suna a TikTok kafin a san da ni a harkar sola?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa sola a Kano. Akwai wani da ya shigo harkar a bayana, aikinsa bai kai nawa ba, amma kullum yana TikTok, mabiya sun yi masa yawa, har manyan ayyuka yake samu. In bi sahunsa ne, ko in biya masu talla su yayata ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Talla tana da ranarta, ita ke kawo mai saye karon farko. Sai dai wanda aka sani daban, wanda ake jin maganarsa a kasuwa daban. Ni da abu biyu nake gane na biyun: wa zai ba ka kaya bashi kan maganar bakinka kawai, wa kuma zai kira ka neman shawara kafin ya saki kuɗinsa.

Dubi yadda cinikin shanu ya daɗe yana tafiya a Ibadan tsakanin Hausawan unguwar Sabo da mahauta Yarabawa. Falke ya kawo shanu daga Arewa bai san kowa ba, mahauci kuwa ba ya biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Maigidan da ya saukar da falken shi ke tsaya masa. Shi da dillalansa sun san mahaucin da ke biya kan kari, da wanda ya yi asara makon jiya, da iya shanun da za a iya sakar wa kowane. Idan mahauci ya cinye bashi, maigida ne zai biya. Sanin mutane da ɗaukar nauyin maganarsa su suka sa dukiyar wasu ke bi ta hannunsa, alhali waɗanda ba sa cikin harkar ba lalle su san ko sunansa ba.

To kai ma kana da sanin da mai gidan da za ka haɗa wa sola ba shi da shi, kuma a nan ake yawan cutarsa. Batir mai ruwa na 200Ah a kan volt 12 yana ɗaukar wat 2,400 na awa ɗaya, amma in ana son ya yi ƙarko, wajen rabi ake ja. Dutsen guga na lantarki kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye. Mutum ya zo da kuɗin batir ɗaya yana son firiza da fanka huɗu su kwana suna aiki, uwargida kuma ta yi guga da safe. Mai neman suna zai ce babu matsala, ya karɓi kuɗi, ya ɗauki bidiyo. Kai ka zauna da shi da biro da takarda, ka lissafa masa abin da kowane kaya ke ja, ka ce ga abin da kuɗinsa zai ɗauka, ga abin da ba zai ɗauka ba. In ya nace, ka haƙura da aikin. Da ciwo, na sani, balle a wannan yanayi. Amma ranar da batirin ya mutu bayan 'yan watanni, takardarka zai tuna.

Bayan ka haɗa, kada ka ɓace. Ka leƙa bayan wata guda ba tare da an kira ka ba. In hunturu ya shigo, ka tuna wa mutanenka su riƙa share ƙurar fanel, don tana rage wuta sosai. Dilan da ya ba ka kaya a Sabon Gari, ka kai masa kuɗinsa ranar da ka ambata, ko da mai aikin bai gama biyanka ba.

TikTok ɗin ma kana iya shiga, ban hana ka ba. Amma kuɗin da za ka ba mai talla, gara ka sayi mita mai kyau ta gwajin batir, ka ɗauki kanka kana nuna wa mutane yadda ake gane tsohon batirin da aka yi wa fenti ana sayarwa a matsayin sabo.