Tambaya da Amsa: Nawa Zan Ware wa Garantin Manhaja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa manhajar rajistar mambobi da bashin taki. Sun ce sai da garanti. Yaya zan sa kuɗinsa a farashi kada in yi asara? (Mai karatu, Auyo)

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, da kwanakin aiki ake lissafa garanti, kuma tun kafin a sa hannu. A ce aikin kwana 40 ne, kana karɓar N30,000 a rana, N1,200,000 ke nan. Ƙara kwana 5 na gyara, N150,000, da zuwa ƙauye sau 2 da kuɗin data, a ce N40,000. Wannan N190,000 ta shiga farashi. In sabon aiki ne a hannunka, ƙara kwanakin.

Inda aka fi yin rigima shi ne abin da garantin ya ƙunsa. Rubuta shi ƙarara: abin da aka yi yarjejeniya a kansa amma bai yi daidai ba, kamar jimillar bashi ta fito a karkace, gyaransa a kanka yake, kyauta. "Ƙara mana shafin iri" sabon ciniki ne. Wayar sakatare ta faɗa ruwa, ko ya manta kalmar sirri, ba laifin manhaja ba ne. Haka kuɗin saba (kwamfutar da ke ajiye bayanan manhajar a intanet), wanda sau da yawa da dala ake biya, da sabunta adireshin intanet duk shekara: na ƙungiya ne.

Ka lura da lokaci ƙwarai. Garantin kwana 90 da ya ƙare kafin rabon taki bai gwada komai ba. Ranar da mutane suka yi layi, sabis ya yanke ana tsakiyar tura bayani, ma'aikaci ya sake dannawa, sai bashin mutum ɗaya ya shiga sau biyu. A karkara wannan kusan dole ne, shi ya sa kowace shigarwa take buƙatar lambarta ta daban tun daga waya, don manhajar ta gane in an sake turo ta. Gara ku daidaita ranar miƙa aiki yadda garantin zai haɗa da rabon, ka caje shi.

In sun riƙe kashi 10 cikin 100 har garanti ya ƙare, ka yarda, amma a rubuta ranar biya. Ƙorafi kuma ya zo ta bakin mutum ɗaya, a rubuce, da hoton fuskar wayar.