Muryar da aka tura a zaure: amsa ga Alhaji kan shafin da ke jan ƙafa

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce shafinka na sayar da huluna da turaren wuta yana jan ƙafa, kwastomominka na Landan da Jidda da Accra suna ƙorafi, kana tambaya wane kamfanin hostin, wato masu ajiye maka shafin a intanet, za ka koma wanda ya fi ƙarfi. To ni dai don Allah kar ka ƙara ko sisi a hostin tukuna. Abin da kake nema shi ne shafin ya buɗe da wuri a wayar mutum ko a ina yake, kuma abu biyu ne ke hana hakan, nisa da nauyin kaya.

Nisa tukuna. Yawancin hostin mai araha da mutanenmu ke saya, sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, tana Amurka ne ko Turai. Saƙo a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan, kuma babu kuɗin da zai sa ya wuce haka. Daga Kano sai ya gangara Legas, ya shiga teku, ya ɓulla Turai, ya tsallaka Amurka, ya haura kilomita 10,000 ke nan. Zuwa da dawowa, kashi ɗaya bisa goma na sakan ya tafi, ko da hanya fayau take, kuma ba ta taɓa zama fayau. Za ka ce ai wannan ba komai ba ne. To ba sau ɗaya ake zuwa ba. Wayar mai saye sai ta nemi adireshin, sai ta gaisa da sabar, sai su yi yarjejeniyar tsaro, wannan ɗan kwaɗon da wasu burauza ke nunawa a sama, sannan ta ce a ba ni shafi. Sau uku, sau huɗu an je an dawo ba a ga ko harafi ɗaya ba.

Maganin wannan shi ne CDN. Kai ɗan kasuwa ne, ka san dilan da ke da sito a Singa ba ya zuwa Legas duk lokacin da aka nemi katan ɗaya. Haka abin yake, kamfani ne mai sabobi a garuruwa da yawa, yana ajiye kwafin hotunanka da fayilolinka kusa da mai saye. Cloudflare suna Legas tun 2018, suna Landan, suna Jidda, suna Accra, kuma suna da tsarin kyauta wanda ya ishe ka. CloudFront na Amazon ma sun buɗe a Legas a 2023. Wanda ya gina maka shafin zai sauya saitin adireshin shafinka ya bi ta wajensu, aikin zama ɗaya ne.

Amma fa, Alhaji, ko ka sa CDN goma, in kayan sun yi nauyi aikin banza ne. Na buɗe shafin naka ɗazu. Hotunan hulunan nan kai tsaye daga kyamarar waya aka ɗora su, kowanne megabait huɗu, biyar. Ga wannan abin da ke juya manyan hotuna a saman shafi. Wallahi abin nan yana ci min rai. Akwai wani bawan Allah da na taɓa yi wa shafi, mai sayar da atamfa. Na miƙa masa shafi yana buɗewa kamar ƙiftawar ido. Na zaunar da yaron shagonsa na nuna masa yadda ake rage hoto kafin a ɗora, ya ce ya gane. Bayan wani lokaci mutumin ya tare ni a wajen ɗaurin aure, a gaban mutane, wai na yi masa aikin ha'inci, shafi ba ya buɗewa. Da na duba, yaron ya cika shafin farko da hotuna ɗanyu, ga bidiyo mai kunna kansa, ga filogin ɗin WordPress, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi, da wani abokinsa ya yi ta zuba musu, ɗaya na hira, ɗaya na ƙirga baƙi, ɗaya mai sa fulawoyi su riƙa zubowa a allo. Fulawoyi fa! Ya je ya ninka kuɗin hostin, bai ga canji ba, kuma har yau bai dawo ya ce min ka yi haƙuri ba. Mutumin da ke Maraɗi ko Birnin Kudu da datar naira ɗari biyu, shi zai biya kuɗin fulawoyin nan. To, a bar wannan maganar.

Abin yi shi ne, kowane hoto a rage faɗinsa zuwa kamar fiksel 1200, a mayar da shi WebP, tsarin da Google suka fitar tun 2010. Akwai Squoosh, kyauta ne, a burauza ake amfani da shi. Hoton megabait biyar zai dawo ƙasa da kilobait 200, kuma zanen hular zai fito tsaf. A saita hotunan ƙasa kar su lodu sai mutum ya gangaro wajensu. A cire filogin ɗin da ba a amfani da shi. Sannan a gwada a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ɓangaren waya za a duba, ba na kwamfuta ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin sakan 2.5. Binciken da suka fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu waya suna barin shafi in ya wuce sakan 3.

Tsaya, bari in koma kan CDN ɗin, kar a ce na ce yana ɗauke komai. Hotuna da fayilolin ado yake ajiyewa da kansa. Kwandon sayayya da shafin biyan kuɗi dole su koma sabar asali, kuma kar ka yarda kowa ya saita a ajiye kwafinsu, sai wani ya buɗe ya ga odar wani. Shi ya sa inda sabar take har yanzu yana da muhimmanci. Ka duba littafin cinikinka. In mafi yawan masu biya suna Ingila da Saudiyya ne, sabar Landan ko Frankfurt ta fi maka ta Amurka, kuma daga nan gida ma ta fi kusa, tunda wayoyin tekunmu irin su MainOne da Equiano Turai suka nufa. In kuwa cinikin na gida ne, nemi kamfanin da sabarsa ke Najeriya kuma yake haɗe da IXPN, mahaɗar kamfanonin intanet ta cikin Najeriya. Kun tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka yanke a teku wajen Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, har manhajojin banki suka tsaya? Ranar an ga amfanin ajiye abu a gida.

Ka ce wa wanda ya gina maka shafin ya fara da hotunan yau ɗin nan, ya turo min sakamakon gwajin kafin da bayan gyara, sai mu ga ko akwai sauran maganar hostin.