Amsa ga Ɗalibin da Ke Neman Gurbin Bincike na Bazara a Turai

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya iso, kuma na fahimci cewa kana aji uku a sashen fiziks, ka ji labarin shirin da cibiyar binciken fiziks ta Turai, wato CERN, take yi wa ɗalibai a lokacin bazara, kana kuma son sanin abin da mutum yake fitowa da shi idan ya kammala, da ko shirin zai iya zama hanyar zama a Turai. Tun da na taɓa shiga cikinsa kafin in fara karatun digirin digirgir, zan gaya maka yadda na gan shi.

Cibiyar tana kan iyakar Suwizalan da Faransa, kusa da birnin Jeniba, an kafa ta a 1954, kuma a nan ne aka gina na'urar da ke karo da ƙwayoyin zarra a cikin rami mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka mallaki cibiyar, amma ana ware gurabe ga ɗalibai daga ƙasashe irin tamu. Ana zama aƙalla makonni 8, ana rufe karɓar takardu a ƙarshen Janairu, kuma sharaɗi ne mutum ya kammala shekara uku ta jami'a kafin ya iso. Kada ka ɓata lokacinka a kan shirin REU na Amurka da ka ambata, wato na binciken ɗaliban digirin farko, domin kuɗinsa na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin. Wanda ya fi dacewa ka haɗa da shi shi ne na jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, inda ake karɓar ɗalibai na wata 3 zuwa 6.

Game da abin da ake samu, ka cire wa ranka cewa za ka gano wani sabon abu da duniya ba ta sani ba. Takarda guda ta rukunin ATLAS, ɗaya daga cikin manyan rukunonin bincike na cibiyar, takan fito da sunayen masu bincike kusan 3,000, don haka rabon ɗalibin bazara ɗan guntu ne ƙwarai: gwada wani sashe na na'ura, ko gyara manhajar da ke tace bayanai, ko zana jadawalin da wani zai duba ya ce a sake. Akwai laccoci da safe a tsakiyar shirin, kuma suna da amfani, amma canjin da na ji a kaina daga teburin aiki ya zo. A jami'o'inmu mun saba da tambayar da malami ya riga ya san amsarta, sai ga shi an miƙa mini aikin da shi kansa mai kula da ni bai san yadda zai kaya ba. Na yi kwanaki manhajata tana fitar da sakamakon da bai yi kama da hankali ba, kuma babu littafin da zan buɗe in ga inda aka warware matsalar.

A nan ne tarbiyyarmu take iya yi wa mutum cikas. An koya mana kunyar manya da rashin katse su, wanda abu ne mai kyau a muhallinsa, amma a ɗakin bincike ana ɗaukar shirun ɗalibi a matsayin alamar cewa komai yana tafiya daidai. Wanda ya maƙale ya yi shiru har mako guda ya zubar da kaso mai yawa na ɗan lokacin da yake da shi. Matambayi ba ya ɓata, sai dai tambayar tana da ladabinta a wurinsu: ka zo da bayanin abin da ka gwada, da abin da ka yi tsammani, da abin da ya fito. Wannan ya sa na fara rubuta aikin kowace rana a littafi, kuma har yau ban daina ba.

Makonni biyu na ƙarshe su ne ake tuna mutum da su. Za a buƙaci ka rubuta rahoto, wataƙila kuma ka tsaya gaban rukuninka ka yi bayani na 'yan mintuna. Ka faɗi abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba, domin hanyar da ta toshe ita ma sakamako ce da za ta hutar da na bayanka. Ka bar manhajarka a tsare da bayani, yadda wani zai ɗora daga inda ka tsaya ba tare da ya neme ka ba. Sannan kafin ka yi sallama, ka tambayi mai kula da kai ko zai rubuta maka wasiƙar shaida, tun aikinka yana sabo a ransa. A ganina wannan wasiƙar ta fi alawus da hotunan bakin tafkin Jeniba daraja nesa ba kusa ba, saboda mai rubuta ta ya ga yadda kake yi idan aiki ya ƙi.

Batun zama kuwa, izininka na iya tsawon shirin ne, kuma wanda ya wuce wa'adinsa ya rufe wa kansa ƙofar neman biza a gaba. Ka koma ka ƙarasa digirinka, sannan ka nemi digiri na biyu, ko difloma ta shekara guda a cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda masanin fiziks ɗan Pakistan, Abdus Salam, ya kafa a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa.

Yanzu abin da ke gabanka shi ne ka duba kalandar sashenku. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya jirkita zangunan karatu a jami'o'i da dama, kuma bazarar Turai, daga Yuni zuwa Satumba, tana iya faɗowa a tsakiyar jarrabawarku. Ka sami shugaban sashe tun yanzu, ka nemi takardar sakamakonka da wuri, ka kuma fara koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, kafin Janairu.