Bikin 16 ga Yuni a Dublin

Malam, ka tambaya me ya sa mutanen Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, ke shiga irin ta kakanninsu duk 16 ga Yuni. Bikin Bloomsday ne, na tunawa da littafin Ulysses na James Joyce da ya fito a 1922. Labarin duka na yini guda ne, 16 ga Yunin 1904, ranar da Joyce ya fara fita zance da Nora Barnacle, wadda ya aura daga baya. Shi ya sa ake shiga irin ta wancan zamanin.

A 1954 wasu marubuta suka fara bikin a Dublin. Yanzu ana karin kumallo da soyayyar ƙoda, a bi titunan da Leopold Bloom, jarumin littafin, ya ratsa, ana karanta littafin da ƙarfi. Abin da ya fi burge ni shi ne tsohon kantin magani na Sweny's: har yau ana sayar da sabulu mai ƙamshin lemun tsami irin wanda Bloom ya saya.