Me ya sa ake yin surar Maryamu da tarkacen kwamfuta?

Malam, ka tambaya ko surar Maryamu da ka gani an haɗa da wayoyi da koren allon cikin kwamfuta raini ne ga addinin Katolika. A ganina girmamawa ce, kuma tana da tushe. A jihar New Mexico ta Amurka, masu asalin Sifaniya sun daɗe suna sassaƙa waliyyai a itace domin ibada a gida. Wata mai fasaha 'yar jihar, Marion Martinez, ta ɗauki wannan gadon, sai ta musanya itacen da tsofaffin kayan lantarki, ta fi kuma shahara da surar Maryamu ta Guadalupe, wadda Katolika suka yi imani ta bayyana a Meziko a 1531. Layukan tagulla da ke jikin allon suna zama hasken da ke kewaye da ita, abin da aka zubar ya koma abin daraja.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar aikin a matsayin ado kawai, alhali masu yin sa da yawa masu ibada ne. Idan kuma kana son gwada fasahar, kada ka ƙona wayoyi ko ka kankare tsohon allon kwamfuta ba kariya, domin akwai dalma a jikinsa. Nemi shawarar ƙwararren mai gyaran lantarki tukuna.