Filin Tambayoyin Masu Karatu: Waɗanne Littattafai Zan Saya wa Yarana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Rigasa, Kaduna. Babbar shekarunta 12, mai bi mata yana da 9, auta kuma 6. Ina so in sama musu littattafan da za su riƙa karantawa lokacin hutu, amma duk shagon da na shiga sai in tarar da na jarrabawa ko na soyayya. Shin akwai sababbin littattafai da suka dace da shekarunsu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Abin da kika gani a shaguna haka yake, domin sababbin littattafan Hausa da aka rubuta musamman don yara ba su da yawa, kuma mai shago abin da makarantu suka wajabta yake sarowa. Saboda haka shawarata ita ce ki haɗa tsofaffi na Hausa da sababbi na Turanci, ki kuma fara da Hausar, tun da yaron da ya ji daɗin labari a harshen da ake masa magana a gida ba ya jin tsoron littafi a wani harshen.

Auta ba ya bukatar littafi mai kauri. Abin da ya dace da shi shi ne mai manyan hotuna da jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, ki zaunar da shi kusa da ke bayan sallar isha'i, kina karantawa kina bin kalmomin da yatsa, kina barinsa ya faɗi abin da ya gani a hoton kafin ki juya shafi. Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya zai taimaka miki sosai a nan, domin Gizo da Ƙoƙi da ya riga ya sani a baka zai same su a rubuce. Akwai kuma shirin African Storybook, wanda ke da gajerun labarai masu hotuna cikin harsunan Afirka har da Hausa, kyauta a intanet. Ya fi kyau ki kai a buga miki su a takarda maimakon ki miƙa masa waya.

Mai shekara 9 shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin a wannan shekarun ne yaro yake kama karatu ko ya sake shi. Ki ba shi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, littafi uku ne. Hikimar tsarin littafi na farko ita ce aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida, kuma kowane labari gajere ne da yaro zai iya gamawa a zama ɗaya ya ji ya cim ma wani abu. Kada ki ba shi ukun gaba ɗaya. Ki saya masa na farko, in ya gama ya zo da kansa yana tambayar na biyu, to kin san ƙugiya ta kama. Bayansa sai Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a 1933, inda ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke sa yara dariya har yau. Idan kuma mai son labarin sararin samaniya ne, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Zai ci karo da kalmomin da ba a cika jinsu a Kaduna yanzu ba, kuma wannan riba ce, musamman in akwai kaka a gida da zai je ya tambaya.

Babbar kuwa ta kai matakin da za ta iya ɗaukar labari mai nauyi, kuma a nan ne sababbin suke. Boom Boom na Jude Idada, wanda ya ci kyautar adabi ta Najeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa a 2019, labari ne na wani yaro da ƙanwarsa mai ciwon sikila. Ina ganin ya dace da gidajenmu ƙwarai, domin da wuya a sami yarinyar da ba ta san mai wannan lalura ba a dangi ko a aji, kuma ba kasafai ake yi wa yara bayaninta ba. Akwai rashin uwa a cikinsa, don haka ki fara karanta shi kafin ki ba ta. A 2024 kyautar ta sake zagayowa kan adabin yara, inda The Road Does Not End na Olubunmi Familoni ya yi nasara. Cikin tsofaffi, The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi a ƙasar Arewa labarinsa ya gudana, kuma Turancinsa ba mai wahala ba ne.

Ina roƙonki da ki lura da abin da take karantawa a waya. Yawancin labaran Hausa da ake yaɗawa a WhatsApp don manya aka rubuta su, kuma yarinya mai ƙishin karatu in ba ta sami nata ba, abin da ke kusa za ta ɗauka.

Game da wurin samu, littattafan Imam kamfanin ɗab'i na Arewa da ke Zariya, wato NNPC, ne ke buga su, kuma masu sayar da littattafai a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi sukan samo su in an ba su suna. Ki duba shafukan kafin ki biya, saboda bugun jabu yakan zo da rubutu a dushe ko shafi a tsallake. Ki kuma kai su ɗakin karatu na jiha da ke titin Bida wata rana, kowa ya zaɓi littafi ɗaya da hannunsa.